KWATANGWALON ƘARFE: ME KE SA WANI YA DAƊE, WANI YA LALACE DA WURI?

Garin Madalla yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Kaduna zuwa Abuja, kusa da Dutsen Zuma, daidai inda Jihar Neja ta yi iyaka da Babban Birnin Tarayya. Kamar sauran garuruwan bakin titi, ba a rasa masu ɗingishi a cikinsa. Wani hatsarin mota ko na babur ne ya karya masa kwatangwalo, wani tsufa ne ya cinye masa gaɓa, wani kuwa da ciwon aka haife shi. Idan irin waɗannan mutane suka je babban asibiti a Abuja, ko Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959, likita yakan duba hoton ƙashinsu, wani lokaci ya ce magani ya ƙare, sai dai a cire gaɓar a sa ta ƙarfe.

Tambayar da majiyyaci da danginsa sukan fara yi ita ce ta kuɗi. Ba laifi, domin aikin yana da tsada ƙwarai, har yakan kai ga sayar da fili ko dabbobi. Amma akwai tambayar da ta fi wannan, wadda ba kasafai ake yinta ba, watau shekara nawa wannan gaɓa za ta yi kafin ta lalace? Amsar ta dogara ga abin da aka ƙera gaɓar da shi, da siffar da aka yi mata, da kuma jikin wanda aka sa wa.

YADDA GAƁAR TAKE

Allah Ya halicci kwatangwalo kamar turmi da taɓarya. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu, an kuma lulluɓe su duka da guringuntsi mai santsi. Idan guringuntsin ya cinye, ko kan ƙashin ya mutu ya lotsa, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, mutum ya kasa tafiya, ya kasa barci.

Gaɓar da likitoci ke sawa kashi huɗu ce. Akwai turke na ƙarfe da ake cusawa cikin ramin ɓargon cinya, da ƙwallo da ake ɗorawa a kan turken, da ƙoƙo da ake kafawa a ƙashin ƙugu, sa'an nan da shafin da ke cikin ƙoƙon, wanda ƙwallon ke juyawa a kansa. Aikin da ke jiran waɗannan abubuwa ba ƙarami ba ne. A kowane taku, nauyin da ke sauka a kan kwatangwalo yakan ninka nauyin mutum sau biyu da rabi ko fiye. Mutumin da ya kai kilo 70, ke nan gaɓarsa tana ɗaukar nauyin buhun siminti uku da rabi duk lokacin da ya ɗaga ɗaya ƙafar, kuma hakan yana faruwa sau miliyan ɗaya zuwa biyu a shekara. Ƙashi da nama suna gyara kansu in sun gaji. Ƙarfe da roba kuwa abin da ya tafi daga gare su ya tafi ke nan.

Saboda haka wuri biyu ne ake jin tsoro: wurin da ƙwallo ke gogar shafi, da wurin da ƙarfe ya kama ƙashi.

ABIN DA KE GOGAR WANI

An daɗe ana neman abin da zai jure wannan guga. Wajen 1890 wani likitan Jamus mai suna Themistocles Gluck ya gwada hauren giwa. A 1938 Philip Wiles ya gwada ƙarfen da ba ya tsatsa a birnin Landan. Amma wanda ya gano hanyar da ake bi har yau shi ne John Charnley, na asibitin Wrightington a arewacin Ingila, shi ma sai da ya sha kunya tukuna.

Da fari Charnley ya yi ƙoƙon ne da wata roba mai santsin gaske da ake kira Teflon, irin wadda ake shafe cikin kaskon suya da ita don kada abinci ya kama. Ya sa wa mutane wajen 300. Suka tashi suna tafiya ba ciwo, kowa yana murna. Ba a yi shekara biyu ko uku ba sai robar ta cinye, garinta ya taru a cikin nama ya kumbura, ya ci ƙashi, dole aka sake yanka mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ana cirewa. Don ya tabbatar da cewa garin ne ke yin ɓarnar, Charnley ya sa shi a ƙarƙashin fatar cinyarsa shi da kansa, wurin kuwa ya kumbura.

A 1962 wani ɗan talla ya kawo wa asibitin wata roba dabam, mai suna foli'etilin, wadda ake yin haƙoran injin saƙa da ita. Charnley ya danna mata farce, ya ga ta yi alama, ya ce ba ta da amfani. Ma'aikacinsa Harry Craven bai yarda ba, ya sa ta a injin gwaji. Bayan mako uku injin yana gogarta dare da rana, abin da ta ci bai kai abin da Teflon ke ci a kwana guda ba. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sa wa mutum na farko, kuma jikokin wannan robar ne ke cikin kwatangwalon yawancin mutanen da aka yi wa aikin a duniya yau.

Duk da haka ita ma tana ci, sai dai a hankali, misalin kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara. Mai karatu zai ce ai wannan ba kome ba ne, kafin a huda ƙoƙon an yi shekaru da yawa. Gaskiya ne, amma matsalar tana zuwa tun kafin hudawa. Abin da ya zaizaye yana zama gari mai laushin da ido ba ya gani. Dakarun jiki, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta, sukan ɗauki garin nan a matsayin abokin gaba, su haɗiye shi, su kasa narkar da shi. Daga nan sai su riƙa fitar da wasu sinadarai masu sa ƙashin da ke kewaye ya narke. Sannu a hankali turken da ke zaune daram sai ya fara girgiɗa. Sau da yawa mutum ba ya jin kome har sai ƙashi mai yawa ya tafi, shi ya sa likita yakan ce a dawo a ɗauki hoto ko da ana jin daɗi.

Daga 1998 aka fara amfani da robar da aka inganta. Ana haska ta da wani haske mai ƙarfi wanda ke sa zarurrukan cikinta su sarƙe da juna kamar saƙar tabarma, sa'an nan a gasa ta ko a sa mata bitamin E don kada ta tsufa ta riƙa tsagewa. Lissafin ƙasar Ostareliya ya nuna cewa bayan shekara 16, waɗanda aka sake wa aiki cikin masu sabuwar robar kusan rabin na masu tsohuwar ne. A cikin dukan canje-canjen da aka yi tun bayan Charnley, da wuya a sami wanda ya amfani majiyyata kamar wannan. Har yanzu ana ƙera tsohuwar, ta kuma fi araha, don haka ya dace a tambaya wacce ce za a sa.

Shi kuma ƙwallon ana yinsa da ƙarfen kobal da kuromiyam, ko da tangaran. Wani likitan Faransa, Pierre Boutin, shi ya fara sa na tangaran a 1970. Ba irin tangaran ɗin da ake jere da shi a ɗakin amarya ba ne, wannan ya fi ƙarfe tauri, ba ya karcewa, ba ya tsatsa. Aibinsa shi ne yana iya fashewa, ko da yake da wuya na zamani ya fashe, kuma idan ƙwallo da shafi duka na tangaran ne wasu sukan ji gaɓar tana ƙara in suna tafiya. Likitoci da yawa yau sun fi son ƙwallon tangaran a kan sabuwar roba ga mai ƙuruciya.

DA AKA CE ƘARFE YA FI ROBA

Kowa zai zaci cewa in roba na ci, sai a yi ƙwallo da ƙoƙo duka da ƙarfe a huta. Haka masu ƙera kayan suka yi tunani bayan shekarar 2000, aka yi ta tallar kwatangwalon ƙarfe zalla, musamman ga matasa da masu motsa jiki, ana cewa shi ne na zamani. Abin da ya biyo baya ya zama darasi. Garin ƙarfe ya fi na roba ƙanƙanta da yawa, yana kashe naman da ke kewaye da gaɓar, yana tara ruwa da ƙari, kobal da kuromiyam kuma suna shiga jini. A watan Agusta na 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa mai suna ASR daga kasuwa, bayan an sa shi sau wajen 93,000 a duniya. Lissafin Ingila ya nuna cewa cikin shekara biyar kacal an sake wa kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari aiki. A Indiya kaɗai an sa wajen 4,700.

Wannan ya shafi 'yan Nijeriya, domin mutane da yawa sukan fita ƙasashen waje neman irin wannan aiki. Duk wanda aka sa wa kwatangwalo tsakanin 2003 da 2012, a gida ko a waje, bai kuma san irin da aka sa masa ba, ya kamata ya je wurin likitan ƙashi a ɗauki hoto. In ya kasance ƙarfe ne a kan ƙarfe, akwai gwajin jini da ake yi. Ba kowa ne ke bukatar a cire masa ba, amma kowa yana bukatar a riƙa duba shi.

YADDA TURKE KE KAMA ƘASHI

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta siminti, wadda Charnley ya yaɗa. Sunan kawai ya yi kama da na magina. Wata roba ce da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata, dangin wadda ake yin dasashin haƙoran roba da ita, tana daskarewa cikin minti goma ko sha biyar. Ba ta manne ƙarfe da ƙashi kamar gam, cike giɓin da ke tsakaninsu take yi. Ta biyu kuwa babu siminti. Ana yin turken da ƙarfen titaniyam, a yi wa jikinsa kaushi da ƙananan ramuka, wani lokaci a shafa masa sinadari irin na ƙashi, a buga shi ya matse. Cikin mako shida zuwa wata uku ƙashin mutum yakan tsiro ya shiga ramukan ya riƙe shi.

Labarin turken Exeter ya nuna yadda ƙaramin canji a siffa ke da girman sakamako. A 1970 likita Robin Ling da injiniya Clive Lee suka ƙera shi a garin Exeter na Ingila. Siffarsa mai tsini ce, yana sirancewa zuwa ƙasa, jikinsa sumul kamar madubi. Daga 1976 aka daina goge shi, aka bar jikinsa da ɗan kaushi, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Sai aka ga sababbin suna girgiɗa fiye da tsofaffin. Da aka bincika aka gane dalili. Turke mai santsi yana ɗan nutsewa cikin simintin in an taka, yana ƙara matsewa, kamar yadda gatari ke ƙara zama cikin ƙota in ana sara da shi. Mai kaushin kuwa kankare simintin yake yi yana fitar da gari. A 1986 aka koma gogewa. Siffa kusan ɗaya, likitoci ɗaya, babban bambancin shi ne santsin jiki.

Girman ƙwallo ma ciniki ne. Na Charnley ƙarami ne, milimita 22, don ya rage guga. Amma ƙaramin ƙwallo ya fi saurin gocewa daga ƙoƙo. Babba ya fi zama, yana ba da damar lanƙwasa ƙafa, sai dai yana fitar da gari da yawa, yana kuma wahalar da wuyan turken. Da aka sami robar da ba ta ci sosai, sai aka tsaya a kan milimita 32 ko 36. Wannan magana ta fi damun mutumin ƙasar nan fiye da Bature, domin a nan ana zama a kan tabarma, ana tsugunawa a bayan gida, ana durƙusawa a gaida manya, ana sujada da zaman tahiya, ana hawa babur. Wajibi ne majiyyaci ya gaya wa likita yadda yake rayuwa tun kafin a zaɓi kayan. Akwai kuma wani samfuri mai ƙwallo cikin ƙwallo, wanda Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa a 1974, da ake sa wa waɗanda ake jin tsoron gaɓarsu za ta goce.

TSOHUWA DA SAURAYI

Alal misali, a ɗauki mutum biyu daga Madalla. Ɗaya tsohuwa ce mai shekara 75 da ta zame a tsakar gida da damina, wuyan ƙashin cinyarta ya karye. Irin wannan karaya tana yanke jijiyoyin da ke kai jini ga kan ƙashin, shi ya sa sau da yawa ɗori ba ya kama ta, kome gwanintar mai ɗorin, kwanciyar watanni kuwa hatsari ce babba ga tsoho. Ita wannan, mai yiwuwa ƙwallo da turke kawai za a sa mata, a bar mata kwarminta. Turke mai siminti ya fi dacewa da ita, domin ƙashinta ya yi rauni, buga marar siminti yana iya tsaga shi, kuma tana iya taka ƙafar tun kashegari. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2017, ya nuna cewa wanda aka yi wa musanyar kwatangwalo bayan ya wuce shekara 70, misalin biyar ne kawai cikin ɗari ake sake wa aiki har ƙarshen rayuwarsu. Sayar da gona don a saya mata mafi tsadar tangaran ba zai ƙare ta da kome ba.

Na biyun saurayi ne ɗan shekara 26 mai amosanin jini, watau sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo kowace shekara a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai ta. Ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe sukan toshe ƙananan jijiyoyin kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya lotsa, sau da yawa a ɓangarori biyu. Wannan saurayi shi ne ya fi kowa bukatar a zaɓa masa da kyau, shi ne kuma aikinsa ya fi wuya. Ramin ɓargonsa yakan zama ƙunci da tauri, har sai an tanadi siririn turke tun kafin ranar aiki. Ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama shi. Yana bukatar shirin ƙarin jini da kulawar likitan jini. Yawancin likitoci yau sun fi karkata ga turke marar siminti a irin wannan hali, da ƙwallon tangaran ko na ƙarfe a kan sabuwar roba.

Amma sai a gaya masa gaskiya. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa cikin kowane kwatangwalo ɗari da aka sa, wajen 89 suna nan bayan shekara 15, wajen 70 bayan shekara 20, wajen 58 bayan shekara 25. Da yawa daga cikinsu tsohuwar roba ce, ana sa ran na yanzu za su fi su daɗewa. Duk da haka wanda aka yi wa aiki yana ɗan 26, ya sa a ransa cewa wata rana za a sake, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, domin ƙashin da za a kafa sabon a kai ya ragu. Gaɓar da ta ba shi shekara 20 ta fi wadda ta ba shi bakwai nesa ba kusa ba, ko da an fi biya a farko.

TAKARDA DA TAMBAYA

Dukan waɗannan abubuwa an san su ne saboda wasu ƙasashe suna rubuta kowane kwatangwalo da aka sa, da sunansa, da ranar da ya lalace. Suwidin ta fara a 1979. Ingila ta bi baya a 2003, bayan wani samfuri mai suna Capital ya lalace a jikin mutane da yawa har aka yi gargaɗi a kansa a 1998. Abin da waɗannan littattafai suka nuna shi ne, samfurin da ya shekara goma ko fiye ana amfani da shi, aka kuma ga ƙarkonsa, ya fi sabon shiga aminci, kome daɗin bakin mai talla.

Don haka majiyyaci yana da haƙƙin ya tambayi likita cikin ladabi sunan samfurin da kamfanin da ya yi shi, shekara nawa aka yi ana amfani da shi, me zai gogi me, da siminti ko babu, kuma ko likitan ya saba sa irinsa. Ta ƙarshen ba ƙarama ba ce, domin ƙoƙon da aka kafa a karkace zai ci gefe ɗaya kamar tayar motar da ba a saita ba, kome kyan robarsa. Kada a sayi kayan aiki daga hannun dillali a ƙofar asibiti. Hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar irin waɗannan kaya a ƙasar nan. Kowane ɓangare na gaɓar yana zuwa cikin kwali mai ɗauke da 'yar takardar mannawa mai lamba. A roƙi asibiti ya ba da kwafinta, a adana ta tare da takardun fili, domin likitan da zai gyara gaɓar bayan shekara 15 ba lalle ne ya zama wanda ya sa ta ba.

Bayan an koma gida, akwai abin da ya rage ga majiyyaci. A makonnin farko a guji tsuguno da harɗe ƙafa da zama a ƙasa har sai likita ya ba da izini, a ɗaga wurin bayan gida ko a sa kujera mai huda, a yi ibada a zaune, tunda malamai sun bayyana sauƙin da aka yi wa marar lafiya. A rage ƙiba, a bar dako da tsalle daga bayan mota. Ƙwayoyin cuta suna iya bin jini daga ruɓaɓɓen haƙori, ko gyambo, ko ciwon fitsari, su manne a jikin ƙarfe inda magani ba ya kai musu da sauƙi, saboda haka kada a bar irin waɗannan su daɗe. Kada a yarda wani ya yi tsaga ko ƙaho ko allura a kan gaɓar. Idan aka ji sabon ciwo a matsematsi ko a cinya, ko ƙafar ta fara gajarcewa, ko wurin ɗinki ya fara tsatsar ruwa, ko zazzaɓi ya zo tare da kumburi, a tafi asibitin ƙashi a makon nan, a kuma riƙe takardar mai lamba da tsofaffin hotuna.